Wane Jikin Tocila Zan Saya In Haɗa Tawa da Kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Rigasa ne, ina ɗan taɓa gyaran waya da caja, kuma na iya aiki da dalma. Cikin shekara guda tocila uku sun mutu a hannuna, duk irin waɗanda ake jan kansu gaba da baya don tattara haske. Ina fita sintirin unguwa da daddare, da damina kuma nakan kwana a gona. Na ji ana sayar da jikin tocila ba kayan ciki, mutum ya sa ƙwan haske da direban da yake so, wato ɗan allon da ke daidaita wutar da ke zuwa ƙwan. Wanne zan saya mai ƙarko, mai haske sosai, wanda kuɗinsa ba zai karya ni ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin in ce maka sayi kaza, ɗauko ɗaya daga cikin gawarwakin nan uku ka kwance ta. Na san abin da za ka tarar, domin a bencina na Tudun Wada, inda nake gyaran inbata da kayan sola, da wuya mako ya wuce ba a ajiye mini irinta ba. Ka murɗe zoben baki, gilashin roba mai tudu zai faɗo. A ƙarƙashinsa akwai ɗan faifai wanda ƙwan yake manne a kai. Sa tsinke ka ɗaga faifan. Bayansa rami ne fayau. Gefensa kawai ya dogara a kan wani siririn leɓe, amma tsakiyarsa, daidai inda ƙwan yake, babu abin da take taɓawa sai iska. Dubi ƙwan da kyau, za ka ga ɗan tudun da ke kansa ya koma ruwan ƙasa kamar an ɗiga masa shayi. Idan kuwa ta yi hunturu ɗaya a hannunka, jar ƙura ta riga ta kwanta a ciki, domin duk ja da mayarwar da kake yi iska take zuƙa ta fesar, kamar famfon keke.

Dafuwa tocilar nan ta yi har ta mutu, kuma amsar tambayarka tana cikin ramin da ka gani.

Mutane sun ɗauka ƙwan LED ba ya zafi, saboda sun saba da ƙananan na jikin rediyo da caja. Mai ƙarfi ba haka yake ba. Wutar da ka ba shi, kusan kashi biyu cikin uku zafi take zama. Ka tura masa wat 10, wat 6 zuwa 7 zafi ne zalla, kuma dukkansu suna fitowa ne daga wani ɗan guntu da bai fi ƙwayar gero ba. Dole zafin nan ya ratsa faifai, ya shiga mazaunin da faifan yake kai, ya bazu a kan tocilar, ya gangara bututu, sannan iska da tafin hannunka su kwashe shi. Duk inda hanyar ta yanke, nan zai taru. Saboda haka ka ɗauki jikin tocila a matsayin lagireton mota. Tocila mai ƙarfi da ta yi ɗumi a hannu bayan minti ɗaya lafiyarta ƙalau, zafin yana fita. Wadda take kashe ido amma jikinta sanyi ƙarara, ita ce abar tsoro.

Lambar da ke jikin kwali kuwa, manta da ita. Na ga wadda aka rubuta wa lumen 100,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske) alhali batir ɗaya take ci. Ƙwai mai kyau, a mafi kyawun halinsa, ba ya wuce lumen 200 a kan kowane wat, kuma idan an matsa masa yana sauka zuwa wajen 100. Ko da mun yi musu sassauci mun ɗauki 200 ɗin, lumen 100,000 yana buƙatar wat 500. Batirin tocila da ake kira 18650, mai kyau ma, duk abin da ke cikinsa bai wuce wat 12 da ɗoriya na awa guda ba. Ka ga ko da zai iya fitar da wutar, cikin minti ɗaya da rabi ya ƙare. Kamfanonin kirki suna bin wani ma'auni da aka fitar a Amurka a 2009, wanda za ka ga an rubuta FL1 a kwalinsu. Shi ma a daƙiƙa 30 bayan kunnawa ake fara auna hasken, lokacin da jiki bai yi zafi ba tukuna, sannan awannin da suke rubutawa ana ƙirga su ne har sai haske ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100. Kai da za ka yi awa uku kana zagaye layi, hasken da tocila take iya riƙewa bayan minti goma shi ne naka, kuma girman jiki da ingancin mazauni ne suke yanke shi.

To, abu na farko da za ka duba ke nan: mazaunin ƙwai. Dole ya zama daskararren ƙarfe, shafaffe sumul, wanda bayan faifai zai kwanta a kansa gaba ɗaya, da 'yan huda biyu kawai na wucewar waya. Iri biyu ne. Akwai wanda ake murɗawa a fito da shi, ɗan dunƙule ne mai tiredi, ƙwai a samansa, direba a ƙasansa. Akwai kuma wanda aka sassaƙa shi tare da kan tocilar, ƙarfe ɗaya ne ba haɗi. Na biyun ya fi fitar da zafi, tunda babu tiredin da zafi zai tsallaka. Na farkon ya fi daɗin aiki ga mai koyo, domin za ka fito da shi ka ɗora a benci ka yi dalmarka a sarari, maimakon cusa bakin ƙarfe mai zafi cikin rami mai zurfi inda kan tocilar yake shanye zafin, dalma ta ƙi narkewa. Idan ba za ka wuce amfiya 3 ba, bambancinsu bai kai a yi gardama a kai ba.

Faifan kansa ka nemi na jan ƙarfe, wanda tsakiyar ƙwan take manne da jan ƙarfen kai tsaye ba tare da shimfiɗar da ke raba su ba. Masu sayarwa suna rubuta masa DTP. Tsakaninsa da mazauni ka shafa man nan da ake shafa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan kaɗan kamar kan ashana. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Wanda ya lafta shi kamar man shanu a tuwo ya toshe hanyar da yake son buɗewa.

Abu na biyu shi ne wanda masu sabon shiga ba sa tunawa sai sun ƙone: girman kayan ciki. A wurina ƙarko ba ya nufin tocilar da ba ta taɓa lalacewa, babu irinta. Mai ƙarko ita ce wadda in makunninta ya mutu bayan shekara biyu za ka sami wani ka sa. Kayan da suka fi yawa a kasuwar duniya su ne direba mai faɗin milimita 17, da faifai mai milimita 16 ko 20. Jikin da yake ɗaukar waɗannan ba zai zama maraya ba. Wanda yake da wani girma nasa na daban, ko wanda aka liƙe kansa da gam don kada a buɗe, ko da kyauta aka ba ka aiki ne aka ba ka. Ka tabbatar kuma direban zobe mai tiredi ne yake ɗaure shi, ba matsawa kawai aka yi ba.

Yanzu ga sunaye. Idan za ka nema a intanet, kalmar da masu sayarwa suke rubuta wa jiki marar kayan ciki ita ce host.

Na koyo, kuma na aljihu, ban san wanda ya kai Convoy S2+ ba. Convoy kamfanin ƙasar Sin ne, kuma ana samun kayansa a AliExpress. Tsawonsa wajen milimita 118, kaurinsa 24, batir 18650 yake ci, direba 17, faifai 16, mazauninsa na tagulla ne mai murɗawa. Mai araha ne, sai dai canjin ranar da kuɗin turowa su ne za su faɗa maka gaskiyar abin a naira. Ba wani kyau ne da shi ba, bututu ne miƙaƙƙe. Amma komai nasa ana sayarwa daban: gilashi, roba, makunni, kofin haske, maƙalin aljihu, har da guntun bututu na ƙaramin batir. Iyakarsa ita ce ƙanƙantarsa. Zai ba ka lumen 1,000 na ɗan lokaci, amma wanda zai riƙe maka dare guda ba tare da ya gagari hannu ba 'yan ɗaruruwa ne.

Na gona da hango nesa kuwa, C8 ne. A nan ka yi hattara, domin C8 siffa ce da kamfanoni barkatai suke ƙerawa, kuma a cikin masu arahar akwai masu ramin nan da muka fara da shi. Wanda nake nufi shi ne Convoy C8+, mai mazauni haɗe da kai da tsagogi masu zurfi na shan iska. Faɗin kansa ya kusa milimita 45, direba 17, faifai 20. Faɗin kan nan aiki biyu yake yi: yana ƙara ƙarfen da zai ɗauki zafi, sannan babban kofi yana tattara haske ya jefa shi nesa. Mutane suna zaton yawan lumen ne yake kai haske nesa, alhali faɗin kofi da ƙanƙantar ƙwai ne. Abin da ake auna wannan da shi kandela ne, kuma lissafinsa ba daɗi: kandela 10,000 tana kai mita 200 a takarda, amma kafin ka kai mita 400 sai ka sami 40,000. Ninki huɗu ke nan don nisa ya ninka sau biyu. Mitocin takardar ma ana ƙirga su ne har inda hasken ya koma kamar na farin wata. Inda za ka iya bambance mutum da kututture bai wuce rabin haka ba, wani lokaci sulusi.

Idan damuwarka tsawon dare ce, akwai jikin da ke cin batir 21700, mai kaurin milimita 21 da tsawon 70. S21A shi ne yayan S2+, M21A kuma kusan C8 ne da babban bututu. Batir 21700 mai kyau yana kai mAh 5,000, na 18650 kuwa yana tsayawa wajen 3,500. Abin da ya sa ban sa shi a gaba ba shi ne samuwa. A Kaduna ko'ina ka juya akwai 18650, a cikin tsohon batirin laftof, da fankar caji, da fitilar sola. Ranar da naka ya mutu kana gona, shi za ka samu a hannun maƙwabci.

Ga wani abu da masu gwada tocila a ƙasashen sanyi ba za su faɗa maka ba, don bai dame su ba. Direbobi da yawa suna rage haske da kansu idan jiki ya kai wajen digiri 55. Wanda ya yi gwajinsa a Jamus cikin ɗaki mai digiri 20 yana da ratar digiri 35 da zai zubar da zafi a cikinta. Kai a daren Afrilu, an ɗauke wuta, ɗaki ya haura 30, ratar taka ba ta kai 25 ba. Tocila iri ɗaya, amma taka za ta riga tasa sauka, kuma za ta tsaya ƙasa da inda tasa ta tsaya. Shi ya sa nake ce wa mutanenmu su ƙara girman jiki mataki ɗaya a kan abin da suka karanta. Haka kuma tocilar da ke hannu ta fi wadda aka tsayar a kan tebur samun sauƙi, domin jinin tafin hannu yana kwashe zafi. In za ka tsayar da ita ta haska rufin ɗaki ana cin tuwo, ka sa ta a matsakaicin haske.

Maganar ƙarfe gajeriya ce: alminiyam, wanda ake rubuta wa 6061. Gudun zafi a cikinsa wajen 167 ne a ma'aunin masana, jan ƙarfe yana kusa da 400, tagulla 110 da ɗoriya, baƙin ƙarfe marar tsatsa 16 kacal, taitaniyam ma can ƙasa yake. Za ka ce to ai jan ƙarfe ya fi. Ya fi a faifai. A jiki gaba ɗaya nauyinsa ya ninka na alminiyam fiye da sau uku, ga tsada, kuma in ya ɗauki zafi ba ya saurin saki. Na taitaniyam kuwa kayan ado ne na masu tarawa, kyan ɗan maciji.

Abin da ya fi ƙarfen muhimmanci shi ne fatar da aka yi masa. Baƙin da kake gani a tocilar kirki ba fenti ba ne, fata ce mai tauri da ake gina wa alminiyam ta hanyar tsoma shi cikin ruwan asid a sakar masa lantarki. Mai kauri ita ake rubuta wa HA III, yawanci ba ta sheƙi, kuma tana jure goga da makulli da yashi. Masu ja da shuɗi masu ƙyalli galibi siririya ce, tana saurin gogewa a gefuna, amma ba ta hana tocila aiki. Fenti ne abin gudu. In a kasuwa kake, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci, dubi bakin tiredi da kusurwoyi: fenti yana ɓantarewa ɓawo-ɓawo, fatar gaske sai dai ta koɗe. Ka kuma ɗora jikin a kumatunka. Ƙarfe yana da sanyi, robar da aka yi wa shigar ƙarfe ba ta da shi.

Tiredin murfin gindi shi ne wurin da ya fi shan wahala, tunda kullum sai ka kwance don caji. Mai faffaɗan haƙori, wanda samansa a shafe yake, ya fi mai tsini daɗewa, kuma ba ya saurin hawa a karkace. Ka so wanda fatar nan ta rufe tiredin, saboda wani dalili da na koya a wurin ɗaurin aure. Muna zaune a kan tabarma a Unguwar Sanusi, ina sanye da sabuwar shadda, sai na ji cinyata tana ɗumi. Na ce rana ce. Can sai ga ƙauri. Ashe wata ƙaramar tocila mai makunni a gefe da na haɗa, na kuma cika mata wuta fiye da kima, ita ce ta kunnu a aljihu a kan mafi ƙarfin haskenta, bakinta ya manne da yadin ya huda shi kamar an ɗora garwashi. Ana shafa fatiha ni ina kakkaɓe aljihu. Fatar alminiyam ba ta barin lantarki ya wuce, don haka a tocila mai rufaffen tiredi wuta tana bi ne ta leɓen bututu, ɗan farin da'irar nan da aka bari tsirara. Ka sassauta murfin kwata ɗaya kawai, wuta ta yanke, ko yaro ya danna ba za ta kama ba. Tun ranar ban sake sa tocila a aljihu ba sai na yi wannan murɗawar.

Leɓen nan kuma shi ne asalin yawancin tocilolin da ake kawo mini wai suna kyafta ido. Datti ne da tsohon giris. Goge shi da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit. In bai daina ba, dubi cikin murfin, akwai zobe mai huda biyu da ke danne makunni, yana kwancewa da kansa a hankali. Sa siririyar filaya ka ɗaure. In kana son sanin ko laifin na gindi ne ko na kai, cire murfin, ka sa guntuwar waya ka haɗa gindin batir da leɓen bututun. Ta kama, matsalar tana murfi.

Makunnin gindi na dannawa, wanda yake yanke wuta gaba ɗaya, shi na fi so ga mai haɗawa da kansa. Ba ya shan batir in an kashe, kuma canza shi aikin minti biyar ne. Na gefe yana da daɗi, amma direba na musamman yake buƙata, kuma yana ɗan tsotsar batir ko tocila a kashe take. Ka so sifirin a kai da gindi duka. Da sifirin biyu batir ba ya dukan direba in tocila ta faɗi, kuma ba ta ɗaukewa in ka ɗaure ta a babur kana bin gargada. Za ka ji ana maganar ɗinke sifirin da wayar jan ƙarfe don wuta ta fi gudu. Gaskiya ne, amma sai ka haura amfiya 3 ko 4 yake da amfani.

Sai ruwa da ƙura, wato Agusta da Janairu. Rubutun IPX7 yana nufin an gwada a zurfin mita 1 na minti 30, IPX8 kuma ya fi haka zurfi gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa. Harafin X ɗin yana nufin ba a yi gwajin ƙura ba, IP68 shi ne wanda ya haɗa duka. Sai dai jikin da kai ka haɗa, rubutu ba ya tsare shi, zoben roba ne: ɗaya a gaban gilashi, ɗaya a kowane bakin bututu, sai hular makunni. Bayan ka gama haɗawa ka yi gwajin da nake yi wa kowace tawa. Cire batir, ka cusa busasshiyar takardar tishu a madadinsa, ka ɗaure ko'ina, ka jefa a bokitin ruwa, ka je ka yi sallar la'asar ka dawo. Goge bayanta sosai kafin ka buɗe. Tishu a bushe, gilashi ba hazo, to ruwan sama ba zai yi mata komai ba. Sai an gama haɗawa ake gwajin, domin faifai da kofi ne suke danne gilashi a kan robarsa. Robobin ka shafa musu giris na silikon. Basilin da baƙin mai suna kumbura wasu nau'o'in roba su lalata su. Da hunturu kuma ka riƙa goge tsohon giris kana sa sabo, domin in ya haɗu da ƙura ya zama sanfefa, shi zai cinye tiredin da kansa. Jikin da ke da ramin caji a gefe da ɗan murfin roba yana da sauƙin sha'ani, ban musa ba, kuma kamfanonin Sofirn da Wurkkos suna yin masu kyau a farashi mai dama. Amma ɗan murfin nan shi ne ya kan fara tsinkewa, kuma irin wannan jikin ba ya karɓar kowane direba.

Kayan ciki ba su ka tambaya ba, amma dole in taɓa, don su dace da jikin. Direba mafi sauƙi shi ne mai ƙananan ƙwayoyin da ake kira 7135. Kowace ɗaya tana sakin miliamfiya 350, takwas sun zama 2,800. Da ƙwai irin Luminus SST-40 ko Cree XM-L2, wannan yana ba ka wajen lumen 1,000, kuma batir mai mAh 3,000 zai yi awa guda da 'yan mintoci. Sauke shi zuwa 350, haske ya ishe ka tafiya a layi da duba kwana, batirin ya yi awa takwas da ɗoriya. A C8+ takwas ɗin daidai ne. A S2+ ni huɗu ko shida nake sawa in na san aikin dare za ta yi. Direban da ke sakin duk wutar batir kai tsaye ka bar shi tukuna, shi ne ya ci mini shadda. Na nesa, Luminus SFT-40 da kofi mai santsi a C8+. Na kusa, Nichia 519A da kofi mai gargada kamar ɓawon lemo, wanda ke baza haske ba zobba. Yana nuna launi yadda yake, ka bambance jar waya da ruwan ƙasa, ko maciji da igiya a cikin ciyawa. Launin hasken ka zaɓi 4000K zuwa 5000K. Fari mai shuɗi-shuɗi na 6500K yana burge ido a shago, amma cikin hazon hunturu dawo maka yake a fuska kamar bango. Cikin kofin kuma kada yatsa ko tsumma ya taɓa shi, ko ƙura ka gani hurawa ake yi da ɗan famfo.

Batir ne wurin da araha ba ta ado. Duk 18650 da aka rubuta wa mAh 6,000 ko 9,900 ƙarya ce a fili. Na gaske, irin Samsung 30Q ko 35E, da Sanyo NCR18650GA, da LG HG2, nauyinsu giram 45 zuwa 48. Ɗora a ƙaramin sikeli. Wanda ya gaza 40 ka zarge shi. Da yawan masu sayarwa a waje ba sa turo batir shi kaɗai ta jirgin sama, saboda haka akwai yiwuwar a nan za ka nema. Na cikin tsohon laftof suna yi in ka tace su: wanda mita ta nuna ƙasa da bolt 2.5 ka ajiye shi gefe, wanda ya yi zafi a caji haka nan, sauran ka cika su zuwa 4.2 ka bar su mako guda ka ga wanda ya zube. Ba su da ƙarfin fitar da wuta mai yawa, amma sun ishi amfiya 2 zuwa 3. Ledar jikin batir in ta yage ka sake masa wata kafin ya shiga bututun ƙarfe, domin gwangwanin gaba ɗaya waya ce. Kada ka jefa shi aljihu tare da makulli. Masu ɗan allon kariya a gindi sun fi tsawo, suna kai milimita 68 zuwa 70, ba kowane jiki ne yake rufuwa a kansu ba. Jikin da ke jera batir biyu a layi kuwa ka ƙyale shi, tunda batiranka ba tagwaye ba ne, kuma a jere mai rauni ne yake shan wuya har ya yi haɗari.

Akwai tsohon tsarin P60, wanda ya samo asali daga kamfanin SureFire, inda ƙwai da kofi da direba suke dunƙule guda ana zurawa kawai. Sauƙi gare shi, amma dunƙulen ba ya manne da jiki sosai, sai an naɗe shi da takardar alminiyam. Zamaninsa ya wuce. Wasu kuma sukan tambaye ni ko a je Panteka a sassaƙa jiki daga farko. Masu injin can za su iya, hannunsu ba wasa. Amma kafin a yanka tiredi huɗu da ramukan roba daidai da gilashi da kofin da za ka sayo daga waje, kuɗin ya wuce na S2+, ga shi kuma ba fatar nan. Inda nake zuwa wurinsu shi ne in ina son ɗan zoben jan ƙarfe na cike giɓi, ko a shafe mini mazaunin da bai kwanta daidai ba.

Da ni ne kai, mai sintiri da gona, C8+ zan fara saya, kuma zan duba farashin haɗaɗɗiya kafin in sayi jiki zalla, domin sau da yawa bambancin 'yan daloli ne, bai kai kuɗin ƙwai da direba in ka saye su daban ba. Ka yi aiki da ita wata guda, ka san abin da ba ka so, sannan ka kwance ka canza. S2+ marar kayan ciki ya biyo baya, a kansa za ka koyi dalma, in ka ƙona ƙwai asarar kaɗan ce. A cikin odar farko ka haɗa da gilashi biyu na kari, da robobi, da makunni ɗaya, da 'yan fararen zobban da ke daidaita ƙwai a tsakiyar kofi. Zobban nan kowane ƙwai da nasa: SST-40 da SFT-40 da XM-L2 masu girman 5050 ne, 519A kuma 3535. In ka manta da su kofin zai iya taɓa dalmar wayoyi ya haɗa wuta, kuma sai ka sake jiran wasu makonni kafin wani ƙunshin ya iso Kaduna saboda abin da bai fi ƙwayar wake ba.